Yaran da muka ɓoye a ɗaki su ma 'ya'yan Zango ne

Kowa a Nima da Maamobi ya san wani gida da ake da yaron da ba ya fita. Wani ba ya iya zama, wani ba ya magana, wani ba ya ji. Uwar ce ke goyonsa har ya shekara bakwai, ta bar sayar da kokonta, ta bar zuwa biki da suna, don gudun bakin mutane. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce aljani ne ya taɓa shi.

Ni malamin makaranta ne, kuma a kwalejin horar da malamai an koya mana cewa da yawa daga waɗannan larurori suna da sanadin da likita ya sani. Doguwar naƙuda, shawarar jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, da sanƙarau, duk suna iya raunata ƙwaƙwalwar yaro. Addu'a kam dole ce, amma a haɗa da asibiti, domin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai sun fi amfani idan an fara tun yaro na ƙarami.

Abin ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Gana masu shekara biyar zuwa sama suna da wata nakasa. Kuma doka tana bayanmu. Dokar masu nakasa ta 2006, wato Act 715, ta wajabta wa iyaye sa irin wannan yaro a makaranta, ta kuma hana a ƙi ɗaukarsa saboda nakasarsa kawai. A 2015 gwamnati ta fito da tsarin karatun bai-ɗaya, yaro ya zauna aji guda da sa'o'insa. Duk da haka, na ga uwar da wani shugaban makaranta ya sallama da cewa, "Hajiya, ba mu da mai kula da shi." Wallahi ba ta san tana da hakkin musawa ba.

To ina za a dosa? Akwai cibiyar tantance yara ta gwamnati a Achimota, inda ake duba larurar yaro a faɗi makarantar da ta dace da shi. Akwai makaranta ta musamman a Dzorwulu, ta makafi a Akropong, ta kurame a Mampong-Akuapem. A kuɗin da ake raba wa asambuli akwai kason masu nakasa. Mutanen Nima su tambaya a ofishin walwalar jama'a na Ayawaso East, na Maamobi a Ayawaso North. Shirin LEAP ma yana tallafa wa masu nakasa mai tsanani. Akwai kuma Special Mothers Project da 'yar jarida Hannah Awadzi ta kafa don iyayen yara masu raunin ƙwaƙwalwa.

Sauran aikin namu ne. Limamanmu su taɓo batun a huɗubar Juma'a. Ai Abdullahi bin Ummi Maktum makaho ne, kuma ladanin Manzon Allah (SAW) ne. Makarantun allo su buɗe wa yaran ƙofa. Ƙungiyoyin mata su riƙa karɓar uwa ko na yini guda a mako, ta je kasuwa. Iyaye maza kuma, don Allah a daina sakin mace saboda ɗan da Allah ya ba ku tare.