Gajeren Hutu A Turai Da Yara Matasa: Birni Ɗaya Ya Wadatar

Daga Wakilinmu

Duk lokacin da makarantu suka yi hutu akan sami magidanta, musamman ma'aikatan da suka jima suna tanadi ko waɗanda wani kwas ya kai su Turai, suna sha'awar ɗaukar iyalinsu su je su buɗe ido na 'yan kwanaki. Niyyar kam kyakkyawa ce, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma sau da yawa akan dawo gida da gajiya da ɓacin rai da aljihu wayam, saboda maigida ya cusa Landan da Faris da Rum cikin kwana biyar, alhali yaran nasa masu shekara goma sha uku zuwa goma sha tara ba a ko tambaye su abin da suke son gani ba.

Taura biyu ba ta taunuwa. Duk ƙaura daga birni zuwa birni tana cin rabin yini wajen haɗa kaya da jiran jirgi da neman sabon masauki. Wanda ke da kwana huɗu, abin da ya fi masa shi ne ya zaɓi birni ɗaya ya zauna, ya kuma ba yaran nasa hannu cikin shirin. Bari mu ɗauki birnin Garanada na kudancin ƙasar Sifen, watau tsohuwar Andalus, ya zama misali.

Dalilin Zaɓen Garanada

Garanada ƙaramin birni ne wanda ake iya zaga tsakiyarsa da ƙafa, saboda haka kuɗin mota ba zai yi yawa ba. A nan ne daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta zauna har ranar 2 ga Janairu 1492, lokacin da Sarki Abu Abdullahi ya miƙa birnin ga Sarki Fadinan da Sarauniya Izabela. Ga ɗalibin tarihi kuma akwai wata alaƙa ta kusa, domin a wannan birni aka haifi Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a ƙarshen ƙarni na 15. Littafinsa na bayanin Afirka, wanda aka buga a Fenis cikin 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Yaron da ya gamu da sunan mutumin a aji zai ji daɗin tsayawa a garinsu.

Sai a lura da lokacin tafiya. Dogon hutun makarantunmu yana faɗawa ne cikin Agusta, watan da zafi a kudancin Sifen kan haura digiri 40 a wasu wurare. Hutun Afrilu ya fi daɗin yanayi, sai dai idan ya dace da makon Ista masauki kan yi tsada, tituna kuma su cika maƙil. Hutun Disamba yana da sanyi mai tsanani, amma shi ne ke ba da damar ganin dusar ƙanƙara.

Biza Da Takardu

Mai zurfin ido da wuri yake fara kuka. Sifen tana cikin ƙasashe 29 na yankin Shengen, waɗanda biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu duka, amma Ingila ba ta ciki, tata bizar daban ce. Ana iya shigar da takardun nema tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45, ban da jiran samun ranar ganawa.

Tun watan Yuni 2024 kuɗin bizar ya zama Yuro 90, kuma duk yaron da ya cika shekara 12 cikakken kuɗi zai biya, za a kuma ɗauki hoton yatsunsa, watau dole ya je da kansa. Ke nan iyali mai mutum biyar zai biya Yuro 450, ban da ladan ofishin karɓar takardu, kuma idan aka hana bizar kuɗin ba ya dawowa. Ana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowane mutum, da fasfo wanda wa'adinsa zai wuce ranar dawowa da wata uku. Hukumomin Sifen suna kuma neman shaidar guzuri: a 2025 abin ya kai Yuro 118 da ɗoriya a rana ga kowane mutum, kuma komi gajartar ziyara ba zai gaza Yuro 1,065 ga mutum ɗaya ba.

Ma'aikaci ya haɗa da takardar izinin hutu daga ofishinsa, yara kuma da takardun haihuwa da wasiƙa daga makaranta. Idan ɗaya daga cikin iyaye ba zai yi tafiyar ba, sai ya ba da yardarsa a rubuce.

Yadda Za A Raba Kwanakin

Daga ƙasarmu galibi sai an sauya jirgi a hanya. Filin jirgin sama na Malaga shi ne babban da ya fi kusa, daga can kuma bas na kai mutum Garanada cikin kimanin awa biyu. Ranar isowa a bar ta ta zama ta hutawa. Da la'asar a hau tsohuwar unguwar Albaisin mai ƙananan lunguna, a tsaya a dandalin San Nikolas inda ake hango fadar Alhambra da duwatsu a bayanta. Dab da wurin akwai babban masallacin Garanada wanda aka buɗe cikin 2003.

Rana ta biyu ta Alhambra ce, fadar da Sarki Muhammadu ɗan al-Ahmar ya soma ginawa cikin 1238. A nan ne baƙi suka fi yin asara. Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, saboda haka kowa ya riƙe fasfonsa, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar, don haka a saye shi ta intanet da zarar biza ta fito. Bugu da ƙari, an rubuta lokacin shiga ɗakunan sarakuna a jikinsa, inda farfajiyar nan mai zakuna 12 na dutsen marmara take, kuma wanda ya makara ya rasa. Ga masu yara matasa, waɗanda barcin safe ke wa daɗi, gara a zaɓi hantsi maimakon sassafe. Awa uku zuwa huɗu sun isa, kada a ƙara wani gidan tarihi a ranar.

Rana ta uku a miƙa wa yara ragamarta gaba ɗaya. Mai sha'awar kimiyya yana da babban gidan kimiyya na birnin, wanda aka buɗe cikin 1995, mai ɗakin kallon taurari, sai dai galibi a rufe yake ranar Litinin. Idan lokacin sanyi ne, wurin wasan ƙanƙara na duwatsun Siyera Nebada bai fi kilomita 35 daga birni ba. Wani kuwa kasuwa kawai yake so, to a bar shi.

Rana ta huɗu, in da sauran ƙarfi, jirgin ƙasa mai sauri, wanda ya iso Garanada cikin 2019, yana kai mutum Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa biyu, a kuma dawo a ranar. Can ne mahaifar Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, can ne kuma masallacin nan mai ginshiƙai sama da 800 wanda Abdurrahman na Ɗaya ya soma ginawa wajen 785. Ya kamata a shaida wa yara tun daga gida cewa an mai da shi majami'a tun 1236, kuma ba a yarda a yi salla a ciki ba.

Masauki Da Abinci

Yawancin ɗakunan otal a Turai mutum biyu ko uku suke ɗauka, ga shi kuma saurayi da budurwa sun wuce kwana ɗaki ɗaya. Hayar gida mai ɗaki biyu ko uku da madafa ta fi sauƙi, tana kuma rage kuɗin karin kumallo. Mutanen Sifen ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuwa sai tara, saboda haka a riƙa yawo da ɗan abin taɓawa, domin matashi mai jin yunwa ba ya ganin kyawun gini. Naman alade ya yawaita cikin abincinsu, har a ɗan abin da akan kawo kyauta tare da abin sha, don haka a tambaya kafin a ci. Titin Elbira da lungunan da ke kusa da shi suna da gidajen abinci na mutanen Maroko da Sham masu sayar da halal.

Haƙƙin Matashi Da Iyakarsa

Tun ana saura wata guda a zauna da yaran, a buɗe taswira, a faɗa musu adadin kuɗin da ke akwai. Wannan a ɗora masa lura da lokutan jirgi, wancan lissafin abin da ake kashewa. A ba kowa kuɗin kashewarsa na yini, in ya ƙarar da shi da safe ya koyi darasi. Wanda ya kai shekara 16 ana iya barinsa ya zaga tare da ɗan'uwansa na awa ɗaya ko biyu, bisa sharaɗin a sa wuri da lokacin haɗuwa. Kowa ya riƙe adireshin masauki a rubuce a takarda ko da waya za ta mutu, ya haddace lambar neman agaji ta 112, ya kuma kula da aljihunsa a cikin cunkoso.

Kuɗin irin wannan tafiya ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi, watakila sau ɗaya zai yi ta kafin yaran su tafi jami'a kowa ya kama gabansa. Wannan ne ya sa bai kamata a ƙarar da kwanakin a tashoshin jirgi ba. Gani ya kori ji, amma sai an tsaya an duba.