Dashen Ɓargo: Albishir Ga Iyayen Masu Sikila, Amma Da Sauran Magana

Yau filin namu zai taɓo ciwon da ya hana iyaye da yawa barci, wato amosanin jini, wanda ake kira sikila. A nan Rogo Sabon Gari, har Ƙaraye da ƙauyukan kewaye, da wuya ki rasa sanin gidan da ake fama da shi. Mu malamai muna ganin gurbin yaran nan a aji, musamman da hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi kowace shekara a Nijeriya.

To, shin ana warkewa? I, amma ki saurara da kyau.

Cikin ɓargon ƙashi akwai waɗansu ƙwayoyi da Bature ke kira sitem sel, mu ce musu ƙwayoyin asali. Tamkar irin shuka suke, daga gare su jini ke tsirowa. Na mai sikila sukan fid da ƙwayoyin jini masu lanƙwashewa kamar lauje, su toshe jijiya, shi ne ciwon ƙashin nan. Likita yakan kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, ya ɗura ƙwayoyin mai lafiya ta jijiya kamar ƙarin jini. In sun kama, jini ya gyaru ke nan. An fara cin nasarar wannan aiki a Nijeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Na Jami'ar Legas ya bi sahu a 2024.

Sai dai abin ba wasa ba ne. Ya fi kyau mai bayarwa ya zama shaƙiƙi wanda jikinsu ya dace, kuma cikin huɗu ɗaya ke dacewa. Jiki yana iya ƙin karɓa, maganin yana iya hana haihuwa, wani ma yakan rasa rai. Kuɗin kuwa miliyoyin Naira ne. Sabuwar hanyar da Ingila da Amurka suka amince da ita a 2023, ta gyara ƙwayoyin majinyacin kansa, dala miliyan 2.2 aka sa mata.

Kila kin ji ana gardama kan halaccin abin. Asalinta a 1998 ne, da masana a Amurka suka ciro irin ƙwayoyin nan daga ɗan tayi mai 'yan kwanaki, wanda ba ya rayuwa bayan haka. Wasu suka ce kisan kai ne, wasu suka ce ceton rai ne. A 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, ta halatta a ɗiba daga babba da yardarsa, daga yaro da iznin iyayensa in ba cutarwa, da kuma daga cibiya da mabiyiya. Ta haramta a zubar da ciki da gangan don wannan. Saboda haka dashen ɓargo ba ya cikin abin da ake ja-in-ja a kai.

Ga jan kunne biyu. Na farko, kada ki sayar da akuyarki don garin magani ko ƙwayar da 'yan talla ke cewa sitem sel ce. Ba a shan wannan abu da koko. Ki kai yaro asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ki tsare shi daga sauro da sanyi, ki yawaita ba shi ruwa.

Na biyu, in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure. Amma kada ki bari sai an kawo lefe, lokacin da fasawa ke zama abin kunya. Ki kai 'yarki gwaji tun kafin a fara zance, rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun sadu a fili na gaba.