Jini Ne Ko Dokar Aure? Bayanin Masana a Kan Rabe-raben Jama'a a Indiya

Gabatarwa

A kudancin ƙasar Indiya, musamman a jihar Andhra Pradesh, akwai wata al'umma ta 'yan kasuwa da ake kira Vysya. Likitocin da ke sa majinyaci barci kafin tiyata sun san cewa sai an yi hattara da mutanen wannan al'umma. Dalili kuwa shi ne, akwai wata allura mai suna saksinilkolin da ake yi domin sassauta tsokokin jiki. A jikin yawancin mutane ƙarfinta yakan gushe cikin 'yan mintoci, saboda wani sinadari da ke cikin jini yana narkar da ita. To amma wasu daga cikin Vysya an haife su ba su da ingantaccen sinadarin, don haka idan aka yi musu allurar sai su shafe sa'o'i ba sa iya numfashi sai da taimakon na'ura. Wannan matsala ta fi yawa a cikinsu ninki kusan 100 a kan sauran Indiyawa.

Yaya aka yi mutanen da ke zaune gari ɗaya da maƙwabtansu, suna cin kasuwa ɗaya, suna magana da harshe ɗaya, suka bambanta da su haka a cikin jini? Kafin mu kai ga amsa, sai mun fahimci tsarin rabe-raben jama'a na mabiya addinin Hindu, da abin da masana ilimin ɗan Adam da al'adunsa suka faɗa game da shi.

Varna da Jati

Turawa suna kiran wannan tsari kas, kalmar da suka aro daga harshen Fotugis. Su kuwa Indiyawa kalmomi biyu suke amfani da su. Ta farko ita ce varna, wato manyan rukunoni huɗu da tsofaffin littattafan addinin suka ambata: Brahmin, malaman addini, Kshatriya, sarakuna da mayaƙa, Vaishya, 'yan kasuwa da manoma, sai Shudra, masu yi wa sauran hidima. A wajen waɗannan huɗu akwai mutanen da a da ake ƙyamar ko taɓa su, waɗanda yau suke kiran kansu Dalit. Ƙidayar shekarar 2011 ta nuna sun haura miliyan 200.

Kalma ta biyu ita ce jati, kuma ita ce ke tafiyar da rayuwar yau da kullum. Jati ƙungiya ce da ake haihuwar mutum a cikinta, ya yi aure a cikinta, sau da yawa kuma ya gaji sana'arta. Akwai dubban irin waɗannan ƙungiyoyi. Wani bincike da gwamnatin Indiya ta gudanar daga 1985 zuwa 1992 ya lissafa al'ummomi 4,635 a faɗin ƙasar.

Mai Awon Hanci

Bayani na farko da ya yi tashe shi ne na launin fata da asali. Herbert Risley, Baturen Ingila da ya shugabanci ƙidayar Indiya ta 1901, ya ɗauka cewa manyan rukunoni jikokin wasu fararen baƙi ne da suka ci ƙasar da yaƙi, ƙananan kuwa jikokin 'yan ƙasa ne da aka mallake. Domin ya tabbatar da haka, sai ya sa aka bi mutane ana auna tsawon hancinsu da faɗinsa. A ganinsa, gwargwadon sirantar hancin mutum, gwargwadon ɗaukakar jatinsa.

Wannan ra'ayi bai jure wa bincike ba. Alƙaluman ƙungiyoyin sun shiga cikin juna, kuma sau da yawa Brahmin na wani yanki ya fi kama da talakan yankinsa fiye da Brahmin na wata nahiya mai nisa. Ɗalibin kimiyya ya lura da darasin da ke nan: Risley ya riga ya yanke hukunci kafin ya ɗauki ma'auni.

Tsarki da Ƙazanta

A shekarar 1966 wani Bafaranshe, Louis Dumont, ya wallafa littafinsa mai suna Homo Hierarchicus. Shi a wurinsa ginshiƙin tsarin duka aƙida ce guda: bambancin tsarki da ƙazanta. Duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da gawa, ko fata, ko najasa, to ƙazantar ta zama gadon zuriyarsa. Wannan ne ke bayyana wanda za a karɓi ruwa daga hannunsa da wanda ba za a karɓa ba. Dumont ya ƙara da cewa a Indiya an raba daraja da mulki, har malamin addini ya hau kan sarki.

Masu suka, irin su Gerald Berreman na Amurka wanda ya zauna a ƙauyukan tsaunin Himalaya, sun ce Dumont ya kalli al'amarin ne da idon Brahmin. Waɗanda ke ƙasa ba lallai ne sun yarda cewa su ƙazamai ne ba. Abin da ya zaunar da su shi ne rashin gona da tsoron masu ƙarfi.

Gona da Mulki

Wani masani ɗan Indiya, M. N. Srinivas, ya zauna a wani ƙauye kusa da birnin Mysore a 1948. Ya tarar cewa masu faɗa a ji a garin manoma ne da suka fi kowa yawa da filaye, duk da cewa a littafi ba su kai Brahmin daraja ba. Haka kuma ya nuna cewa tsarin yana motsi. Idan wata jati ta sami dukiya, sai ta bar cin nama da shan giya, ta kwaikwayi al'adun na sama, bayan zuriya biyu ko uku ta yi da'awar matsayi mafi girma. Sai dai ƙungiya ce ke hawa gaba ɗaya, mutum ɗaya ba ya hawa shi kaɗai.

A 2001 kuma Nicholas Dirks, masanin tarihi, ya jawo hankali ga rawar da Turawan mulkin mallaka suka taka. Ƙidayar da suka riƙa yi, wadda ta tilasta wa kowa ya faɗi jatinsa a jera shi a takarda, ta ƙara daskarar da iyakokin da a da suke da ɗan sassauci.

Tun kafin waɗannan duka, a 1916, wani ɗalibi ɗan Dalit a Jami'ar Columbia ta Amurka, B. R. Ambedkar, ya gabatar da takarda inda ya ce sirrin tsarin shi ne hana aure a wajen ƙungiya. In aka cire wannan doka, tsarin ya rushe. Shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda sashe na 17 nasa ya haramta ƙyamar Dalit.

Shaidar Ƙwayoyin Gado

A nan ne kimiyyar halittu ta shigo. A 2009 David Reich na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa na birnin Hyderabad suka nazarci ƙwayoyin gado na ƙungiyoyi 25. Sun gano cewa kusan duk Indiyawa gaurayen tsofaffin al'ummomi biyu ne, ɗaya mai dangantaka da mutanen yammacin Asiya da Turai, ɗaya kuma ta asalin kudancin Asiya. Gaskiya ne cewa kason ta farko ya fi yawa a manyan rukunoni, amma babu wata jati mai tsantsar jini ɗaya. Daga Brahmin har Dalit kowa gauraye ne.

Wani bincike na 2013 ya kimanta cewa wannan cakuɗuwa ta faru ne tsakanin shekaru 4,200 da 1,900 da suka wuce. Daga nan sai auratayya tsakanin ƙungiyoyi ta ragu ƙwarai. Wannan ya nuna abu biyu. Na ɗaya, dokar aure ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Na biyu, ba da ita aka fara ba; akwai zamani mai tsawo da kakannin waɗannan mutane suke auratayya da juna.

Yanzu sai mu koma ga Vysya. Mai karatu ya san yadda ciwon sikila yake: yaro ba ya zama SS sai ya gaji S daga uwa da uba. Matsalar sinadarin nan ma haka take. Idan al'umma ta faro daga mutane kaɗan, aka sami ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado, zuriyarsu kuma suka shafe ɗaruruwan shekaru ba sa aure sai a junansu, to ƙwayar za ta yi ta haɗuwa da 'yar'uwarta. Binciken 2017 da ya duba ƙungiyoyi sama da 260 a kudancin Asiya ya sami 81 da ke da alamar irin wannan ƙuntataccen asali mai tsanani, 14 daga cikinsu kuma kowace ta haura mutum miliyan ɗaya.

Kammalawa

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai rasa tunawa da sana'o'in gado ba, da yadda wasu gidaje ke jan ƙafa wajen bai wa mahauci ko maroƙi 'yarsu. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau, ya rubuta a kan bambancin mai sana'ar gado da ɗan shigege. Amma kada a haɗa su a ma'auni ɗaya: a wurinmu ɗan mahauci yakan zama malami ko attajiri, kuma ana cin abinci da shi a akushi ɗaya.

Abin da ya kamata malamai su jaddada wa ɗalibai shi ne tsarin sababi da sakamako. Risley ya zaci bambancin jiki ne ya haifi rabe-raben jama'a. Shaidar da ke hannu ta nuna cewa dokar da mutane suka kafa a kan aure ce ta yi wa jini tambari. Ƙwayoyin gado suna iya faɗa mana wanda ya auri wa, da kuma tun yaushe, amma babu ƙwayar da aka taɓa samu mai ɗauke da tsarki ko daraja. Amfanin wannan ilimi shi ne likita ya san wanda zai gwada kafin tiyata, masu niyyar aure kuma su nemi gwajin jini da shawara tun da wuri.