TSOHON BABUR YA CIJE? A BINCIKA KAFIN A SA ƘARFI

A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Kunci, gidaje da yawa suna da tsohon babur jingine a zaure. Waɗansu tun zamanin kuɗin Udoji na 1975 aka saye su, irin su Honda C70 da Suzuki A100 da Yamaha YB100. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kome ya yi tsada, har sabon babur ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Shi ya sa membobin ƙungiyoyinmu suka soma waiwayar tsofaffin nan, domin ɗaukar taki, da kai hatsi kasuwa, da kai marar lafiya asibiti. To, sai a taka kik a ji shi kamar dutse. Nan ne akan yi ɓarna, gama mutum yakan hau kik da dukan nauyinsa, ko ya sa yara su tura babur ɗin a giya. Ƙarfi irin wannan yana karya zoben fistin, ya lanƙwasa sandar fistin, gyaran kuɗi kaɗan ya koma mai yawa.

Abin da ke sa inji ya cije

Dalili biyu ne manya. Na fari tsatsa. Babur da ya yi damina biyu ko uku a ajiye, laima takan shiga ta bututun hayaƙi ko ta kafireta, zoben fistin ya manne da jikin silinda. Na biyu zafi. Fistin da alminiyom aka yi shi, silinda kuwa da baƙin ƙarfe, kuma alminiyom yana kumbura da zafi wajen ninki biyu na ƙarfe. In baƙin mai ya ƙare, fistin ya kumbura ya kama. Man da C70 ke ɗauka duka bai kai lita ɗaya ba, saboda haka ɗan yoyo ya isa ya kashe shi. A100 da YB100 kuma suna da tankin mai dabam da famfonsa. In tankin ya bushe ko famfon ya tsaya, haka zai faru.

Don haka tambayi mai babur tukuna: yana cikin tafiya ya tsaya, ko lafiya lau aka jingine shi? Na tsatsa ya fi sauƙi.

Bincike kafin kwancewa

Ɗora babur bisa tsayuwarsa ta tsakiya, ka fitar da giya, ka juya ƙafar baya. In ba ta juya ba, duba birki da sarƙa, watakila injin ba shi da laifi. Sa'an nan cire fulogi, buɗe murfin hagu, sa sifana a kan babban notin maganeto, ka gwada gaba da baya a hankali. In ya yi ɗan zagaye ya tokare, akwai abin da ya tare fistin, kamar karyayyen bawul, ko kuwa sarƙar cikin inji ta sarƙe. In bai motsa ba ko kaɗan, fistin ne ko boris.

A C70, tsiyaye baƙin mai cikin kwano mai tsabta, ka duba shi a rana. In ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, wani abu ya cinye a ciki. In cokali biyu kawai ya fito, ka san amsa.

Jiƙo

In tsatsa ce, haɗa kananzir ko man gas da baƙin mai kaɗan, ka zuba ta ramin fulogi. Silindar C70 a kwance take, tilas a ɗaga gaban babur sosai, ko a sauke injin a tsayar da shi, domin man ya kewaye fistin. Bar shi mako ɗaya ko biyu, kowace safiya kana ƙarawa kana gwada sifana. Injin da zafi ya kama ba ya jin jiƙo, sai kwancewa.

Kwancewa

Kada a yi aikin nan a ƙasa, ko ran da iska ke tashi da ƙura. Shimfiɗa buhu cikin ɗaki, wanke bayan injin, nemi gwangwanayen madara ka riƙa zuba notin kowane sashe dabam. Cire bututun hayaƙi da kafireta. A C70 sai ka buɗe zagayayyen murfin hagu na kan silinda, ka sauke ƙaramin faifai mai haƙora da sarƙarsa. Noti huɗun da suka riƙe kan silinda a sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sa'an nan wadda ke fuskantarta, don kada kan ya karkace.

Yanzu kana ganin saman fistin. Sassaƙa guntun itace, kamar ƙotar fartanya, ka ɗora a kai, ka riƙa bugawa a hankali. Kada ƙarfe ya taɓa fistin, kada kuma ka sa sukudireba ka ɓanɓare silinda, gama fikafikanta suna karyewa. In silinda ta zare, toshe bakin injin da tsumma kafin ka cire ƴan wayoyin da ke riƙe da fil ɗin fistin. Ɗaya ta faɗa ciki, sai an raba injin biyu.

Abin da za ka duba

Bi cikin silinda da farce. In farcenka bai sarƙe ba, goge tsatsa da takardar yashi mai laushi da kananzir, ka sa sabon zobe da sabon gasket. In akwai zurfin karta, kai ta Kano wurin masu injin rarake silinda. Fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00 na milimita. Sayi fistin tukuna, ka kai musu tare da silindar domin su auna a kansa. In za ka nemi kaya a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, tafi da tsohon a hannu.

Kama sandar fistin ka ja sama da ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba kome, amma sama da ƙasa bai kamata ta motsa ba. In tana wasa, ko ta yi shuɗi don ƙuna, aikin gida ya ƙare nan. Raba inji yana bukatar abin zare maganeto, wannan na makanike ne.

Wajen mayarwa, sa sababbin wayoyin fil, daidaita alamar T ta maganeto da alamar O ta faifan nan, kowace da tsagarta. Kada ka cika gam a gasket. A C70 ta wani ɗan rami mai ke hawa zuwa kan silinda, gam kuwa yana toshe shi.

Shawara ga ƙungiyoyi

Ba kowane gida zai sayi saitin sifana ba, amma ƙungiya za ta iya, ta ba ma'aji ya riƙe, mai aro ya rubuta sunansa. A yi gyara da rani bayan an sayar da amfani, kafin ruwan shuka. Wanda zai ajiye babur ya zuba cokalin mai ta ramin fulogi, ya riƙa taka kik sau ɗaya a mako. Wanda ke hawa kuwa ya duba mai kowace safiya, ya wanke matatar iska sau da yawa a lokacin hunturu.