Kwamfuta Ma Tana Kamuwa Da Cuta

Yara, kun san mutum yana kamuwa da cuta. Akuya da kaza ma suna kamuwa. To, kwamfuta ita ma tana da tata cutar. Ana ce mata birus.

Birus ɗin kwamfuta ba shi da rai. Ba ƙurar hunturu ke kawo shi ba, kuma ba ya kama mutum. Wata ƴar manhaja ce da wani ya zauna ya rubuta da gangan. Manhaja ita ce jerin umurnin da kwamfuta take bi don ta yi aiki. Manhajar kirki tana taimaka mana mu yi rubutu da lissafi. Muguwar manhaja kuwa ɓarna take yi. Birus yana kwafar kansa daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kamar yadda mura take bin ƴan aji ɗaya bayan ɗaya.

Ire-iren muguwar manhaja

Akwai su da yawa, amma ku riƙe guda uku. Na farko shi ne mai ɓarna, wanda yake goge fayiloli ko ya ɓoye su. Fayil shi ne duk abin da aka adana cikin kwamfuta, kamar wasiƙa ko hoto ko waƙa. Na biyu shi ne ɗan leƙen asiri. Shi ba ya ɓata komi a fili. Lafewa yake yi, yana lura da abin da ake bugawa, ya kwashi kalmomin sirri ya aika wa mai shi. Na uku shi ne mai neman fansa. Yana kulle fayiloli duka, sannan ya ce sai an biya kuɗi kafin ya buɗe.

Kaɗan daga tarihi

A shekarar 1986, wasu ƴan'uwa biyu a birnin Lahor na ƙasar Pakistan suka rubuta birus mai suna Brain. A lokacin babu intanet a gidaje. Cikin faifan disket ya ɓuya. Mutane suka riƙa ara wa juna faifan, har birus ɗin ya kai Amurka.

A watan Mayu na 2000, wani mai suna ILOVEYOU ya fito daga Manila, babban birnin Filifin. Ya zo cikin saƙon imel, kamar wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe, sai birus ya aika kansa ga dukan mutanen da ke cikin jerin adireshinsa. Cikin ƴan kwanaki ya kama miliyoyin kwamfutoci.

A ranar 12 ga Mayu 2017, mai neman fansa da ake kira WannaCry ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Yana neman dala 300 a kan kowace kwamfuta. A Ingila, asibitoci da dama suka kasa duba takardun majinyata, har aka mai da wasu marasa lafiya gida. Abin takaici, tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da zai toshe hanyar da ya bi. Waɗanda ba su ɗauki gyaran ba su ne suka sha wahala. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta ina yake shiga gidajenmu?

Mu dawo gida Njamena. A unguwarmu Sabangali, a bakin kogin Shari, ba kowane gida ke da injin buga takardu ba. Idan yayanku ɗan jami'a ya gama rubuta aikinsa, sai ya sa shi cikin kile, wato ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Ya tafi shagon buga takardu ko sibar. Kwamfutar shagon tana karɓar kile na mutane da yawa kowace rana. Idan ɗaya daga ciki yana ɗauke da birus, ta kamu. Daga nan duk kilen da aka soka mata zai iya kamuwa. Yaya ya dawo gida da takardunsa a hannu, da birus a aljihu.

Akwai wani iri da ya cika bin kile. Da Faransanci ana kiransa virus raccourci. Ga yadda yake yi. Yana ɓoye fayilolinka na gaskiya, sannan ya ajiye na jabu masu suna iri ɗaya a madadinsu. Na jabun suna da wata ƴar kibiya a kusurwar hotonsu. Da ka danna ɗaya, ka tashi birus. Zai shige kwamfutar gida ya zauna, yana jiran kile na gaba.

Ku lura da abu ɗaya. Daga faifan disket na 1986 zuwa kilen yau, birus ba shi da ƙafa. Sau da yawa hannun mutum ne yake ɗauko shi, yatsan mutum ne yake buɗe masa ƙofa. Saboda haka mutum zai iya hana shi, ko da yaro ne.

Me za mu rasa?

Ku tuna abin da ke cikin kwamfutar gidanku. Akwai lissafin shagon Baba. Akwai aikin da yaya ya yi wata da watanni yana rubutawa. Akwai hotunan suna da na biki, har da hoton kaka da ta rasu. Idan kwamfuta ta lalace ana iya gyara ta ko a sayi wata. Hoton kaka kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Rigakafi ya fi magani

1. A bincika kowane kile kafin a buɗe shi. Manhajar rigakafi, wato antibirus, ita ke yin wannan aiki. Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da tasu kyauta, mai suna Microsoft Defender. Kada a kashe ta.

2. A riƙa sabunta kwamfuta. Kullum ana rubuta sababbin birus, kuma ba koyaushe antibirus yake gane wanda ba a sanar da shi ba. Sabuntawa tana cin kuɗin intanet, amma ta fi asara sauƙi. Ku gaya wa manya cewa kamfanin Microsoft ya daina aika gyara ga Windows 7 tun Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025.

3. Kada ku buɗe saƙon wanda ba ku sani ba. Ko daga aboki ya zo, idan abin ya yi muku baƙo, ku tambaye shi tukuna.

4. Ku guji kwaɗayi. Idan allo ya ce kun ci kyautar waya ko kuɗi, ƙarya ce. Wasanni da manhajojin sata da ake rabawa kyauta sukan zo da ɗan leƙen asiri a ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

5. Kalmar sirri ta sirri ce. A yi ta doguwa, a haɗa haruffa da lambobi. Kada ta zama sunanka ko 1234. Wayar hannu ma ƙaramar kwamfuta ce. Lambar sirrin Airtel Money ko Moov Money ta iyayenku ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake.

6. A ajiye kwafi na biyu. Duk abu mai muhimmanci a kwafe shi cikin wani kile dabam. A cire shi, a sa a akwati. Wannan kile ba ya zuwa sibar, ba a kuma ara wa kowa.

Idan kwamfuta ta kamu fa?

Akwai alamu. Takan yi nauyi ba dalili. Tallace-tallace sukan riƙa fitowa da kansu. Fayiloli sukan ɓace ko su sake kama. Idan kun ga haka, ku tsaya. Kada ku ɓoye don tsoron faɗa, domin ɓoyewa tana ba cuta lokaci. Ku gaya wa babba nan take. A cire kwamfutar daga intanet, kada kuma a soka mata wani kile. Kada a yi garajen goge kilen da ya kamu, domin sau da yawa fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Mai gyara zai iya fito da su. Mai neman fansa kuwa ba a amince masa, don ko an biya ba lalle ya buɗe ba.

Ku sani, yaɗa birus da gangan laifi ne. A shekarar 2015 ƙasarmu Cadi ta yi dokar yaƙi da laifuffukan intanet, ta kuma kafa hukumar tsaron kwamfuta mai suna ANSICE. Amma hukuma ba ta gadin kilen da ke aljihunku. Wannan aikinku ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kalmomi

kwamfuta : ordinateur
manhaja : logiciel
fayil : fichier
kile : clé USB
kalmar sirri : mot de passe
sabuntawa : mise à jour

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kwatanta birus da mura?
2. Faɗi ire-iren muguwar manhaja guda uku da aikin kowane.
3. Me ya faru a ranar 12 ga Mayu 2017?
4. Yaya ake gane fayil na jabu cikin kile?
5. Don me ba a kai kilen ajiya sibar?

Aiki

Ku rubuta dokokin rigakafi guda shida da kyakkyawan rubutu. Ku karanta wa mutanen gidanku, sannan ku manna takardar kusa da kwamfuta.