Yadda Manoman Kanada Suke Tuƙi A Kan Ƙanƙara

A watan Janairu, sa'ad da muke kukan hunturu muna jin wuta da sassafe, manomin ƙasar Kanada yana cikin wani hali dabam. Dusar ƙanƙara ta rufe gonarsa fari fat, tafki ya daskare har mutum ya taka ya wuce. Duk da haka dole ya kai wa shanunsa ciyawa kowace safiya. Da yawansu suna amfani da wata 'yar motar gona mai bodi a baya, wadda aka ƙera domin daji, irin su Mule ta kamfanin Kawasaki da ta fito a 1988, da Gator ta John Deere da ta fito a 1992. Yaya suke hana ta santsi? Amsar tana da amfani a gare mu.

Maganar ba ta wasa ba ce. A hunturun 1934, a wani ƙauye mai suna Valcourt a lardin Kebek, ɗan wani makanike, Joseph-Armand Bombardier, ya kamu da ciwon ciki mai tsanani. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron kuwa ya rasu yana da shekara 2. Uban ya duƙufa kan aiki. A 1937 ya fito da mota mai ɗaukar mutum 7, wadda take tafiya a kan wata ɗamara mai faɗi a maimakon tayoyin baya. Likitocin ƙauye suna cikin waɗanda suka fara saye. Har yau ana sayar da irin wannan ɗamara domin ƙananan motocin gona, amma tana da tsada. Yawancin dabarun da za mu duba sun fi ta araha.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, inji ba ya taka ƙasa. Taya ce take takawa, kuma abin da yake taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. In wannan wuri bai kama ƙasa ba, ƙarfin inji banza ne. A kan ƙanƙara, nisan da mota take ci kafin ta tsaya yana iya ninka na busasshiyar hanya har sau 10. Santsin kuma ya fi muni lokacin da ƙanƙarar ta fara narkewa, ruwa ya kwanta a samanta.

Taya

Robar taya ta yau da kullum tana yin tauri in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Shi ya sa ake yin tayar hunturu da roba mai taushi, mai ƙananan tsage-tsage masu cizon ƙanƙara. A ƙasar Finland aka fara yin ta a 1934, domin manyan motoci. Lardin Kebek ya wajabta ta ga motocin kan titi a 2008. Wasu manoman kuma suna ɗaura gajerun ƙusoshi masu ƙarfi a haƙoran tayar. In dusar ta yi zurfi, sai su rage iska kaɗan domin tayar ta baje.

Sarƙa

Wani Ba'amurke, Harry Weed, ya yi rajistar sarƙar taya a 1904. Ƙa'idarta ba ta canza ba. Ana ɗaura ta kafin a kafe, ba bayan an kafe ba. Ana sa wa tayoyi biyu, hagu da dama, ba ɗaya kaɗai ba. In an yi 'yar tafiya sai a tsaya a ƙara ɗaure ta. Ba a wuce gudun kilomita 50 a awa, kuma ana cire ta da zarar an hau busasshiyar kwalta.

Nauyi

Bodin da babu kaya ba ya danne tayoyin baya. Saboda haka suna ɗora buhunan yashi daidai kan tayoyin, su ɗaure su tamau. In an kafe, yashin nan ne za a zuba a ƙarƙashin taya. Tayar tarakta kuwa ana cika kashi 3 cikin 4 nata da ruwa, a gauraya da wani irin gishiri domin kada ya daskare.

Ƙafar direba

Nan ne babbar magana take. Direban da ya ji taya tana sulɓi ya ƙara taka totur, goge ƙanƙarar yake yi, tana ƙara santsi. Gwani yana tashi sannu a hankali. In ya kafe, sai ya ɗan yi gaba ya ɗan yi baya, har motar ta sami hanya. A gangara yana sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar, ba ya danna birki da ƙarfi. Ya kuma san cewa motar da tayoyinta huɗu suke ja tana taimakonsa wajen tashi ne kawai. Wajen tsayawa, ba ta fi sauran motoci ba.

Mu fa?

'Yan'uwa, ba mu da ƙanƙara, amma muna da lakar watan Agusta, kuma santsi duk santsi ne. Tayar hunturu da ƙusoshi ba namu ba ne, kada a ɓata kuɗin ƙungiya a kansu. Amma sarƙa tana aiki a laka. Rage iska yana aiki a yashi da taɓo, muddin za a ƙara ta kafin a hau kwalta. Ruwa zalla ya ishi tayar taraktarmu, tun da ba ya daskarewa a nan. Sai dai a kula da nauyi. Yana taimako in santsin a sama yake, ƙasa tana da tauri. A fadama mai zurfin taɓo kuwa, nutsar da mota yake yi, gara a sauke kaya.

Manomin Kanada yana shirya sarƙarsa tun kafin sanyi ya shigo. Mu ma, a taron ƙungiya na gaba, tun ruwa bai sauka ba, a duba tayoyin a-kori-kurarmu. A tanadi sarƙa, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da katako biyu, da famfon iska. A zauna da direba a yi masa wannan bayani. Motar da take kawo mana taki, ita ce za ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare cikin ruwan sama. Ran nan ba ranar neman sarƙa ba ce.