Ƙofar Fadar Haɗejiya

Shirinmu na musamman na yau zai ɗauke mu daga Auyo, mu bi hanyar da ta ratsa fadamun shinkafa da alkama na bakin kogi, har mu sauka a ƙofar fadar Haɗejiya, filin nan da kowane mutumin wannan yanki ya taɓa takawa, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da ya auku a kansa.

Wanda ya zo da hantsin ranar aiki ba zai ga abin ta'ajibi ba, sai dogarai cikin jajayen riguna a bakin zaure, da dattijo ya tuɓe takalmansa tun daga nesa ya riƙe su a hannu, da 'yan acaɓa suna jiran fasinja a inuwa. Amma in Allah ya kai mutum ranar hawan salla, sa'ad da kakaki ya tsaga gari, algaita ta amsa, hakiman ƙasa suka jeru kowa da jama'arsa, mahaya suka sako dawaki a guje har ƙura ta rufe ido, sa'an nan suka ja linzami suka yi jinjina a gaban Sarki, to a ranar zai fahimci hikimar magabata da suka bar wannan sarari babu gini, domin a nan talaka yake ganin mai mulkinsa ido da ido, a nan kuma ake jaddada mubaya'a.

Mu mutanen Auyo muna da haƙƙi a cikin wannan tarihi, domin kafin jihadin Shehu Usmanu Mujaddadi ƙasar nan ƙananan masarautu ce warwatse, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da ita Haɗejiya kanta, kuma Auyo tana cikin mafi daɗewa, har da harshenta na Auyakanci wanda yau ya shuɗe. Sarki Sambo, wanda ya hau mulki a 1808, shi ne ya mai da Haɗejiya hedikwata, ya faɗaɗa ganuwa, ya tattara ƙasar ƙarƙashin tuta guda. Daga wannan ƙofa kuma ɗansa Buhari ya riƙa fita yaƙi shekarun da ya yi yana bijire wa Sakkwato, har ya rasu a 1863.

Sai dai abin da ya fi nauyi a zuciyata shi ne waƙi'ar ƙarshen watan Afrilu na 1906. Bayan Turawa sun murƙushe boren Satiru, sai Gwamna Lugga ya turo runduna zuwa Haɗejiya ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, alhali kuwa Kano da Sakkwato sun riga sun faɗi tun 1903, babu wani mataimaki da ake tsammani daga gabas ko yamma. Sarkin Haɗejiya na lokacin, Muhammadu, yana sane da wannan duka, yana kuma sane da cewa takobi da mashi da rigar lifidi ba za su tsaya wa bindiga mai ruwa ba, amma ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza lungu lungu a cikin birni har faɗa ya ƙare a kewayen fada, inda shi da 'ya'yansa da manyan jarumansa da yawa suka kwanta dama. Tun daga ranar ake kiransa Mai Shahada. Allah ya jiƙansu da rahama.

Bari mu dubi yadda wasu suke girmama shahidansu: masu zuwa ƙasar Rasha sukan ba da labarin babban dandalin Mosko, da wata majami'a mai ƙubbobi kala-kala a gefensa, wadda sarki Ivan ya gina don tunawa da cin birnin Kazan na Musulmin Tatar a 1552. A Kazan ɗin ma wani limami, Kul Sharif, ya yi shahada tare da almajiransa wajen kare gari, kuma jikokin mutanen nan ba su manta ba, sai da suka gina masallaci da sunansa a cikin ganuwar Kazan, aka buɗe shi a 2005, baƙi daga nahiyoyi suna zuwa ana yi musu bayani dalla-dalla. Lalle shahidanmu ba su gaza nasu daraja ba, kuma ina ganin wajibi ne malaman makarantun Auyo da Kafin Hausa da Kaugama su riƙa kawo ɗalibai wannan fili, a nemi iznin fada, a zaunar da su gaban dattawan da suka gaji labarin daga bakin kakanninsu, a rubuta abin da suka faɗa tun suna raye.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu koma Auyo mu bi sawun tsohon garin.